Shin Kare Yana Sanin Bala'i Kafin Ya Zo?

Wani mai sauraronmu daga Tasawa ya ce karensa ya kwana yana haushi, da asuba ruwa ya ci gidaje. Ko kare yana da sanin gaibu?

To Malam, gaibu sai Allah. Kunne ne da hanci. Kare yana jin sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum, don haka tsawar hadari tun tana nesa ya riga ka jinta, ya kuma shaƙi ƙanshin ƙasar da ruwa ya jiƙa. Shi ya sa yake rawar jiki yana neman maɓoya.

Ba kare kaɗai ake wa wannan zato ba. A Haicheng ta ƙasar Sin, a 1975, an ga macizai sun fito daga ramukansu cikin tsananin sanyi kafin girgizar ƙasa. Amma a shekarar da ta biyo baya, girgizar Tangshan, ita ma a ƙasar Sin, ta zo babu wani gargaɗi, ta kashe mutane sama da 240,000.

Mu nan, manoman Mayahi sun fi kula da dawowar shamuwa da tururuwa masu kwashe ƙwai. Idan gidanka na bakin Gulbin Kaba ne, saurari sanarwar hukumar hasashen yanayi, don kare yakan yi wa kura haushi ma.