Wanda sugansa ya faɗi ba a soya masa ƙwai

Da asubahi aka shigo mana da wani dattijo, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi, 'ya'yansa biyu sun tallabo shi, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, ba ya gane kowa. Aka soki yatsa, awon suga ya nuna 2.3. Sai da aka ɗura masa gulukos ta jijiya ya buɗe ido yana tambayar inda yake. Bayan an kwantar da shi aka turo min iyalinsa, don aikina ke nan, zama da masu ciwon suga a kan abin da suke ci.

Ashe watanni kaɗan kafin nan wani ɗan'uwansa ya turo masa bidiyo a WhatsApp. Wani ne sanye da farar riga, wanda ban san makarantar da ta yaye shi ba, yana rantsuwa cewa duk mai suga ya bar hatsi kwata-kwata ya koma nama, tunda nama ba shi da suga. Alhaji ya ɗauka hannu bibbiyu. Da safe ƙwai huɗu, da rana farfesun kayan ciki, da dare tsire ko balangu a takarda. Awon safe ya sauko, gida ya yi murna. Amma glibenclamide yana nan yana sha kamar yadda ya saba, wanda mai kemis na unguwa ya shekara da shekaru yana miƙo masa ba takardar likita. Maganin da ke tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba, ga shi ciki babu sitaci.

A daren da abin ya faru ya farka tsakar dare yana karkarwa, zuciya na dukan uku-uku, yana cewa yunwa yake ji. Matarsa ta ce min, "Malama, wallahi ban zauna ba. Nan take na soya masa ƙwai uku, na ɗumama ragowar naman." Na ce, "Hajiya, babu sukari a gidan ne?" Ta ce, "Akwai na shayin yara. Amma ai shi aka hana shi." Gwangwanin sukari yana kan kanta, taku uku daga gadon, mutum yana ta shiɗewa har harshe ya karye, ita kuma tana tura masa ƙwai a baki. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da aka koya mata ta yi, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce akwai ranar da sukarin nan shi ne magani.

Abin da ke ba ni haushi da masu bidiyon nan shi ne rabin maganarsu gaskiya ce. Furotin ba ya ɗaga suga yadda tuwo ke ɗagawa. A mai ciwon suga nau'i na 2 ma, yana sa jiki ya ƙara sakin insulin ba tare da suga ya hau ba, shi ya sa ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka take cewa kada a yi amfani da abinci mai yawan furotin wajen tayar da sugan da ya faɗi. Hanta tana iya juya wani ɓangare na furotin zuwa gulukos, amma a hankali, cikin awanni. Sukari wutar kara ce, nama gawayin ƙirya, kuma wanda ke kwance a 2.3 ba shi da lokacin jiran gawayi ya kama.

Don haka a riƙe wannan. In suga ya yi ƙasa da 3.9, ko 70 a wasu na'urorin gida, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi. A sake awo bayan minti 15, in bai tashi ba a ƙara. Sai ya dawo hayyacinsa sannan a kawo abinci. In ba ya iya haɗiya, kada a zuba masa komai a baki, a nufi asibiti. Mai shan glibenclamide ko ya farfaɗo a kawo shi, don sugan yakan sake faɗuwa.

Da aka yi wa Alhaji gwajin fitsari sai aka ga furotin yana tsiyaya, creatinine na jini, mai nuna aikin ƙoda, kuma ya hau. Ƙodar ta daɗe da gajiya, ba wanda ya duba, kuma gajiyayyiyar ƙoda tana barin ƙarfin glibenclamide ya daɗe a jiki. Mai irin wannan ƙoda da bai kai ga wankin ƙoda ba, abin da ake ba shi shawara kusan giram 0.8 ne na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70 ke nan giram 56 a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, dafaffen nama giram 100 kusan 25. Ku lissafa abin da bawan Allahn nan yake zubawa kullum, ga gishiri da magi na yajin tsire a kan hawan jini. Yanzu an canza masa magani, ya koma ganin likitan ƙoda. Mai bidiyo kuwa yana can yana tara mabiya.

Masu allurar insulin su ma suna zuwar min da mamaki. Mutum ya ci gasasshiyar kaza mai maiƙo da dare, bai taɓa shinkafa ba, ya auna bayan awa biyu lafiya lau, cikin dare kuma suga ya yi sama. Furotin mai yawa tare da kitse yakan nuna kansa bayan awa uku zuwa biyar. Na'urarka ba ta lalace ba.

Sai masu ce min "ai furotin kawai na ci". Wake sitacin da ke cikinsa ya fi furotin yawa, duk da ya fi farar shinkafa sauƙi. Ɗanwake da rogo ko fulawa ake haɗa shi. Kilishi, da yawan masu yi suna zuba sukari a labu. Nono lafiya lau ne har sai an dama fura an zuba sukari cokali uku. Awara ce ta fi kusa da abin da kuke nema, in ba a tsoma ta a mai sau biyu ba.

Ni ban taɓa ce wa kowa ya bar tuwo ba. Malmala ɗaya ƙarama, rabin faranti zogale ko rama ko kabeji, kwata kifi ko nama ko awara, a fara da ganyen da naman kafin a taɓa tuwon, suga zai hau a hankali. Amma kafin ka rage sitaci sosai, kawo kwalin maganinka mu gani. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga, glibenclamide da glimepiride da insulin kuwa suna kayarwa, kuma dole a gyara su tare da abincin. Gwajin fitsari da na ƙoda sau ɗaya a shekara. Ku kuma masu kemis da ke miƙa glibenclamide kamar alewa, ba ku tambayi shekarun mutum ba, ba ku tambayi ƙodarsa ba, ku ji tsoron Allah.