Mai Saye Ma Yana Iya Zama Ɓarawo: Jan Kunne Ga Masu Talla a Intanet

Wannan kira ne ga jama'ar Nima, Maamobi, Sabon Zongo, Fadama, Sukura, Madina da sauran unguwannin zango na Akra.

Sana'ata sayar da wayoyi ce, sababbi da na hannu, kuma ina da teburin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a bakin shago. Duk wanda aka damfara a unguwa, kafin ya je wurin 'yan sanda, teburin mai MoMo yake fara zuwa, waya a hannu, yana cewa a duba masa ko kuɗin sun shigo. Yawancin gargaɗin da ake yi a rediyo da masallatai a kan mayaudarin mai sayarwa ne, wanda zai karɓi kuɗinka ya ƙi aiko da kaya. Amma waɗanda suka fi zuwa mini da hawaye a yanzu masu kaya ne. Sun yi talla, an zo a matsayin mai saye, kaya ya tafi, kuɗi bai zo ba.

Kakanninmu fataken goro da shanu ba su yin ciniki da baƙo kai tsaye. Akwai maigida da yake saukar da fatake, akwai dillali da ya san mai saye, ya san gidansa, kuma idan bashi ya ƙi fita shi ake kamawa. Yau abin ya sauya. MTN ta kawo MoMo Gana a 2009, a 2018 aka buɗe hanyar tura kuɗi tsakanin layuka daban-daban, a shafukan talla kuma Jiji ta sayi OLX ta Gana a 2019, sannan ta haɗa da Tonaton a 2022. Yanzu matar aure a Maamobi tana sayar da abaya da turare daga ɗakinta ta WhatsApp, saurayi a Nima yana tallar ragon layya a TikTok, mai kayan mota a Abossey Okai yana samun ciniki daga Tamale ta Facebook. Alheri ne babba, kuma ina cikin masu cin moriyarsa. Sai dai babu dillali a tsakani. Abin da ka sani game da mai sayenka lambar waya ce kawai, saboda haka aikin tantancewar da dillali yake yi a da ya dawo wuyanka.

Dabara mafi yawa ita ce alat na ƙarya. Mutum zai kira, ba zai ja farashi sosai ba, zai ce yana wurin aiki ko yana Kasoa, zai turo mai babur. Mai babur yana isowa sai saƙo ya shigo wayarka da tsari irin na MoMo sak: sunanka, adadin kuɗi, har da lambar ciniki. Nan take ya sake kira: "Hajiya, na tura, ki duba. Yaron yana ƙofa, don Allah ki ba shi, ruwa zai sauko." Saƙon MTN na gaskiya yana zuwa da sunan MobileMoney, na ƙarya kuwa galibi daga lambar mutum yake fitowa. Duk da haka kada ka dogara da sunan da ke saman saƙo, kuma kada ka karɓi hoton rasit da aka turo ta WhatsApp, domin yaro mai waya zai ƙera shi cikin minti biyu. Ka danna *170# idan MTN ne, ko *110# idan Telecel ko AT ne, ko ka buɗe manhajar bankinka, ka ga ragowar kuɗinka ta ƙaru da idonka. Gani ya kori ji. Mai babur kuma sau da yawa bai san komai ba. An kira shi ne a waya kamar yadda aka kira ka, zai miƙa kayan a bakin titi ga wanda bai taɓa gani ba, don haka riƙe shi daga baya ba ya dawo da komai.

Ƙanwar wannan dabara ita ce ta rarar kuɗi. Kaya na sidi 800, alat ya nuna 1,800, sai ya kira cikin ruɗewa yana roƙo ka maido masa da 1,000, kuɗin asibitin mahaifiyarsa ne. Mai tausayi ya tura daga aljihunsa, alhali ko kwabo bai shigo ba. Idan ma da gaske kuɗi sun shigo bisa kuskure, ka ce masa ya kira kamfanin layinsa su mayar da kansu. Wannan aikinsu ne, kuma suna da hanyar yinsa.

Sai wadda ta fi cin tsofaffinmu: lambar sirri. Macuci zai ce ya tura kuɗin amma sun maƙale, sai ka amince a wayarka kafin su sauka. Wani saƙo zai bayyana yana neman lambar sirrinka, ko ya ce ka shiga My Approvals, ko ka kunna Allow Cash Out. Ku riƙe wannan da kyau: karɓar kuɗi a MoMo ba ya buƙatar lambar sirri ko kaɗan. Duk saƙon da ya zo maka da kansa yana neman lambar sirri, kuɗi ne za su fita. Haka wanda zai ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, wai don ya tabbatar kai mai kaya ne na gaskiya. Lambar buɗe WhatsApp ɗinka ce. Da ya samu, zai ƙwace shafin, ya shiga roƙon 'yan uwanka na Kumasi da Jamus kuɗi da sunanka.

Akwai wadda nake so in tsaya a kanta, domin ita ce take haɗa mutanen kirki biyu faɗa. A ce ka sa waya a Jiji a kan sidi 6,000. Macuci ya kwashe hotunanka ya sake tallarta a 3,500. Wani bawan Allah ya gani ya kira shi. Sai ya ce masa: "Je shagon ƙanena ka duba, amma kada ka yi maganar kuɗi da shi, ni za ka biya." Kai kuma ya kira ka a matsayin mai saye: "Yaya, ina turo yarona ya duba, kada ka faɗa masa farashi, zan ɗora 'yar riba." Mutumin ya zo, ya duba, waya ta yi masa, ya fita waje ya tura kuɗi zuwa lambar macucin, ya dawo ya ce a ba shi kayansa. Kai ba ka ga kuɗi ba, shi ya biya, wanda ya haɗa ku ya kashe waya. Na ga irin wannan ta kai ga cin kwala da taron jama'a, har ta kai ofishin 'yan sanda. Wani lokaci kuma ana juya ta: kuɗi na gaske su shigo asusunka daga wanda aka yaudara, kai kuma ka miƙa kaya ga ɗan aiken macuci. Ranar da mai kuɗi ya kai ƙara, lambarka ce a rubuce. Maganin duka biyun ɗaya ne. Duk wanda ya shigo duba kaya, ka faɗa masa farashi da bakinka, ka faɗa masa kai ne mai kaya, kuma lambarka kaɗai ake biya. Sunan da ya fito a kan kuɗin da aka turo ya dace da mutumin da ke tsaye gabanka. Ciniki da aka ce a ɓoye farashinsa, akwai wanda ake shirin yanka a ciki.

Masu sayar da manyan kaya, mota, babur, shanu ko buhunan hatsi, ku kula da cek. Ana son kawo shi ranar Juma'a da yamma. Banki zai iya turo saƙo cewa an ajiye cek a asusunka, amma ajiyewa daban, tabbatar kuɗi daban. Sai an wanke shi tsakanin bankuna, kuma kafin Litinin ko Talata a gano babu komai a asusun mai shi, mota ta yi nisa. Ka jira banki ya tabbatar maka kuɗin sun zama waɗanda za ka iya cira. Ka kuma sani MoMo yana da iyaka: a 2024 Babban Bankin Gana ya sa iyakar asusun mutum mafi girma a sidi 25,000 a rana. Wanda ya nuna maka alat na sidi 70,000 daga wayarsa a tashi ɗaya, ka san akwai magana. Idan tsabar kuɗi ya kawo, musamman takardun 100 da 200, ku tafi tare banki ko teburin MoMo a ƙirga, a saka a asusunka, sannan ka miƙa makulli.

Akwai kuma mai cewa yana Amurka ko Ingila, zai saya wa ɗansa da ke karatu a nan. Zai turo wasiƙar imel mai tambarin wani kamfanin tura kuɗi, wai kuɗinka suna riƙe sai ka biya kuɗin jigila ko na haraji. Mai sayarwa ba ya biya don a biya shi. Da ka ji haka, ka rufe magana.

Game da haɗuwa ido da ido, kada ka yarda a ja ka lungu, ko a sauya maka wuri sau biyu a waya, ko a ce sai bayan Isha'i. Ka zaɓi wurin da kanka, da rana, inda akwai jama'a da masu gadi: cikin Accra Mall, harabar banki, shagon wanda ka sani a Circle, ko kusa da ofishin 'yan sanda na Nima. Ka tafi da wani. Mai son gwada babur ya ajiye kuɗi tukuna, ko ka hau bayansa. 'Yan uwa mata, kada ku ba baƙo kwatancen gida. Ku ajiye kayan a shagon wani ɗan uwa a bakin titi. Idan kaya zai bi motar VIP ko STC zuwa Kumasi ko Tamale, kuɗi su riga kaya tashi. Mai sayar da waya ko kwamfuta kuma ya goge komai, ya cire asusunsa, ya rubuta rasit da lambar IMEI da sunan mai saye.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda macutan nan suke shigo mana ta ƙofar da muka fi daraja. Sun san mu. Za a yi maka sallama cikakkiya, a yi maka Hausa, a kira ka Alhaji, a ce daga masallaci ake, a ambaci sunan unguwarku. Daga nan sai ka ji nauyin cewa "bari in duba tukuna", kamar ka zargi ɗan uwa Musulmi. Duba kuɗinka ba zargi ba ne. Addininmu da kansa ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu, tsakanin muminai ma. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin minti biyu da za ka ɗauka kana duba asusunka. Ni kullum ina gani a shago, shi ne ma zai ce ka duba. Wanda ya fara fushi, ko rantsuwa, ko "ba ka yarda da ni ba ne?", ya riga ya ba ka amsa. Alamominsu ba su da yawa: gaggawa, rashin jan farashi, ƙin zuwa da kansa, da labari mai tsawo.

Idan abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa ka yi shiru, domin sa'o'in farko su ne masu amfani. Ka kira kamfanin layinka nan take, MTN a kan 100, ka ba su lambar da lokacin ciniki. Ka kira ko ka aika saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa ƙarƙashin Doka ta 1038 ta shekarar 2020. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda. Damfara laifi ne a sashe na 131 na Doka ta 29 ta shekarar 1960. Kada ka goge saƙonni, hotuna ko rikodin murya. Ka kai ƙarar shafin mutumin a Jiji ko Facebook don a rufe shi, ka canza lambar sirrinka, ka sanar da 'yan uwa idan an ƙwace WhatsApp ɗinka. Ba kullum kuɗi suke dawowa ba, gaskiya ke nan, amma lambar da aka rufe yau ba za ta cuci maƙwabcinka gobe ba.

Samarinmu, ina da magana da ku. Tun 2021 aka fara haɗa layukan waya da Ghana Card, shi ya sa macuta suke neman katin wani da asusun wani. Wanda ya ba ka sidi 50 don ka yi masa rajistar layi, ko ya ce a turo kuɗi ta wayarka ka cire masa, sunanka ya saya, kuma kai za a nema. Wanda kuma ya ɗauki sakawa, wato damfarar intanet, sana'a, ya tuna matar da ya cuta wataƙila kuɗin adashinta ne ta sa a jari, kuma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa ƙasa.

Ina roƙon limamanmu, sarakunan zango, malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin mata su riƙa faɗin wannan a wurin suna, biki da bayan sallar Juma'a, musamman gab da Babbar Sallah lokacin cinikin raguna. Kai da ka karanta, ka zauna da Mma da Baba yau, ka nuna musu yadda ake duba ragowar kuɗi a waya, ka sa su gwada da hannunsu har su iya. Ka bar musu ƙa'ida biyu: kaya ba ya fita sai an ga kuɗi a asusu, lambar sirri kuma ba a ba kowa, ko da ya ce daga kamfani yake.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.