Karatun Kimiyyar Teku a Jami'a: Ina Ruwan Basakkwace?

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin malamai da 'yan'uwa ɗalibai ga wani fanni na ilimi wanda ba safai akan ji sunansa a ƙasar Hausa ba, watau kimiyyar teku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da aka yi a unguwarmu, Gidan Dare, inda wani ƙanenmu mai shirin gama sakandare ya ce wannan fanni yake so ya karanta. Dattawa suka yi dariya, ɗayansu ya ce, "Yaro, me ya haɗa kifi da kaska?" A zahiri suna da hujja, domin tsakanin Sakkwato da Ikko akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Amma idan aka zurfafa bincike, za a ga dariyar ta yi gaggawa.

Alaƙarmu da teku

Kowane manomi ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, laimar da hadarin yake zubarwa akasarinta daga kudu maso yamma take zuwa. Idan bazara ta yi, ƙasa takan ɗauki zafi fiye da ruwa, sai iska mai ɗauke da tururi ta taso daga tekun Atlantika, ta ratso kurmi, ta ture busasshiyar iskar hunturu zuwa arewa. Gwargwadon nisan da ta yi da kaurinta, gwargwadon damina. Bayan farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka halaka dabbobi suka tayar da ƙauyuka, masana yanayi a Ingila sun nuna a 1986 cewa ƙarancin ruwan Sahel yana tafiya tare da sauyin ɗumin ruwan tekuna. Ke nan, wanda yake auna zafin teku, lissafin geron Gwadabawa da Tangaza yake yi, ko da bai taɓa ganin zangarniya ba.

Ruwan da ya zo kuma can yake komawa. Gulbin Rima, wanda ambaliyarsa ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wajen Kwalkwalawa a 2010, yakan bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara, ita kuwa ta bi ta Yawuri da Lokoja har teku. Bugu da ƙari, masana duwatsu sun tabbatar cewa sama da shekara miliyan 50 da suka wuce wannan yanki namu ƙarƙashin teku yake. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, tarin ɓawon halittun wannan tsohuwar teku ne. Ashe dai dattijon da ya yi dariya, a jingine yake da bangon da teku ta bari.

Abin da ake karantawa

Ya kamata a rarrabe wannan fanni da koyon tuƙin jirgin ruwa, wanda ake yi a makarantar Oron ta Jihar Akwa Ibom. Ɗalibin kimiyyar teku ruwan kansa yake nazari: motsinsa, kamar igiyoyi da cikowa da janyewar da ƙarfin wata ke haddasawa, sinadaransa, domin a kowace lita akwai gishiri kimanin giram 35, halittunsa, tun daga ƙwayoyin da ido ba ya gani har zuwa manyan kifaye, da kuma lakar ƙasansa da abin da ke binne a cikinta, kamar man fetur. Ana karanta shi a Jami'ar Legas da Jami'ar Kalaba da Jami'ar Fasaha ta Akure. Mai nema sai ya zo da kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, sannan ya ci jarrabawar JAMB. A nan ne matsalarmu take. Yaron da aka koya wa kemistiri a allo kawai, bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, zai sha wuya a shekarar farko. Lissafi kuwa shi ne ƙashin bayan karatun. Wanda yake gudunsa gara tun wuri ya sake shawara.

Ayyukan da ake samu

Ƙasar nan tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma tun 1975 take da cibiyar binciken teku, NIOMR, a Ikko. Ban da ita akwai hukumar tashoshin jiragen ruwa, da hukumar NIMASA mai kula da lafiyar zirga-zirga da hana gurɓata ruwa, da sashen sojan ruwa mai auna zurfi da zana taswira, da kamfanonin mai, da hukumar hasashen yanayi. A 2023 ma an kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku. Waɗannan duk kujeru ne na tarayya, kowace jiha tana da haƙƙi a cikinsu. Sai dai ba a ba mutum kujerar da bai yi karatunta ba.

Ba zan ɓoye ba, yawancin waɗannan ayyuka a kudu suke, kuma samunsu ba tabbas ba ne. Wanda ba ya iya nisa da gida yana da makusanciyar hanya: ilimin kifi da kiwonsa, wanda ake koyarwa a Tsangayar Aikin Gona ta jami'armu, da kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga nazarin tafkin Kainji bayan kammala madatsar a 1968. Madatsun Goronyo da Bakolori suna buƙatar irin waɗannan masana, a ƙasar da har yanzu kifin ƙanƙara daga ƙetare yake cika kasuwanninta.

Rabon Sashen Hausa

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan batu? Mai karatu ya lura da yadda na yi ta kewaye kafin in faɗi "cikowa da janyewa", saboda ba mu da tsayayyar kalma. Amma a ɓangaren gulbi harshenmu attajiri ne. Sarkawa sun bambanta giwan ruwa da yauni da ragon ruwa da kurungu da minjirya, sun san lokacin ƙwan kowanne da irin gurbin da yake kwana, tun kafin bikin Argungu ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934. Masanin kifi da ya zo da sunayen Latin ba zai amfana da wannan sani ba sai da mai fassara, masunci kuma ba zai karɓi dokar hana taru mai ƙananan idanu ba sai an yi masa bayani da harshen da yake mafarki da shi. Ina ba da shawara ga masu neman batun kundin digiri su ɗauki rikoda su tafi wurin Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta a Kwalkwalawa da Wamakko da Argungu, a rubuta sunan kowane kifi da kowane kayan su, a kai wa malaman kifi su daidaita su da nasu.