Tsayuwar Mai Jirgi: Darasi A Kan Ƙarfin Zuciya

Ya ku ɗalibai, duk wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa a Yelwa ko Wara da sassafe ya ga yadda Basarke yake tsayawa a goshin kwalekwale zai jefa birgi. Ƙafafunsa a ware kaɗan, gwiwoyinsa a sake, bayansa a miƙe, idonsa na can inda ragar za ta sauka. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 kogin Kwara ya zama tafki mai faɗi a wannan yanki, kuma in iska ta taso, igiyar ruwa ba ta wasa. Wanda ya ƙanƙame jikinsa yana kallon ƙafafunsa, shi ne ke fara faɗawa ruwa. Wannan tsayuwa ita ce darasinmu.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne wata yarinya da na koyar, wadda ba ta da na biyu a lissafi. Ta je ganawar neman tallafin karatu, ta dawo tana kuka. Ta san amsar kowace tambaya, amma ta zauna a takure, haɓarta a ƙirji, har masu tambayar suka gaji da cewa ta ɗaga murya. Aka ba wani. Laifin har da mu malamanta, gama mun koya mata amsa, ba mu koya mata yadda za ta faɗe ta ba.

Hausawa sun ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma jiki ma yana aika wa zuciya labari. Idan mutum ya ranƙwafa, ƙirjinsa da cikinsa sukan matsu, huhu ba ya cika da iska. Numfashi ya gajarta, murya ta yi rawa. Da ya ji muryarsa tana rawa sai tsoro ya ƙaru, ya ƙara ranƙwafawa. Su kuma masu sauraro su ɗauka bai san abin da yake faɗi ba.

Masana sun bincika wannan. A 2010 wasu masu bincike a Amurka, Dana Carney da Amy Cuddy da Andy Yap, sun gwada mutum 42, suka ce tsayuwar buɗe ƙirji ta minti 2 tana canja sinadaran jiki, ta kuma sa mutum ya ji ƙarfi. A 2015 Eva Ranehill da abokan aikinta suka sake gwajin da mutum 200. Ba su ga canji a sinadaran ba, amma mutanen sun ce sun ji ƙarfin zuciya. Abin lura a nan shi ne, miƙewa ba laya ba ce. Ba za ta ba ka amsar da ba ka karanta ba, sai dai ta bar wadda ka karanta ta fito.

Wani zai ce, "Malam, a gida an koya mana mu sunkuyar da kai gaban manya." Haka ne, kada kuwa ku yar da wannan tarbiyya. Ko a Shanga kake ko a Ngaski, yaron kirki yakan durƙusa ya gai da na gaba, ba ya zura wa dattijo ido. Amma tsoro na daji, kunya na gida. Mai ladabi yana rusunawa don ya ga dama, in an tambaye shi kuma ya amsa a ji. Mai tsoro yana noƙewa don yana so ya ɓace. Ana iya saukar da ido ba tare da an karya baya ba.

Ga abubuwa huɗu da za ku riƙa gwadawa a aji, ko wurin muhawara, ko sa'ad da aka ba ku karatu a majami'a:

1. Ka kafa ƙafafunka biyu a ƙasa, ka ware su daidai faɗin kafaɗunka.
2. Ka miƙe bayanka, ka saki kafaɗu. Ba a ce ka bubbuɗa kamar zakara ba.
3. Ka ja dogon numfashi sau uku kafin ka buɗe baki.
4. Ka ɗaga littafin zuwa ƙirji, ka yi magana domin na bencin baya ya ji.

Yarinyar nan mun yi ta gwaji da ita bayan an tashi makaranta, tana ƙofar aji ina can ƙarshen ɗaki, sai na ji ta sarai kafin ta zauna. Da farko dariya take yi don kunya. Kafin ƙarshen zango ita ke karanta sanarwa a taron safe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan Basarke ma ba rana ɗaya ya iya tsayuwa a jirgi ba, ya sha faɗawa kafin ya gwane. Saboda haka gobe in malami ya kira sunanka, ka tashi tsaye sosai kafin ka amsa.