Algus a Cikin Magani: Ka Bincika Kafin Ka Biya

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a babin ciniki yake, amma ya shafi rai.

Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, sai ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ciki alhali saman a bushe yake. Ya yi masa faɗa, ya kuma barranta daga mai algus. Galibi idan ana karantar da hadisin nan, a kan laifin mai sayarwa ake tsayawa. Ni yau cusa hannun nan nake so mu lura da shi. Wanda ya tsaya yana jujjuya kwalin magani a gaban mai kemis bai munana zato ba, yana da abin koyi.

A shekarar 1995 annobar sanƙarau ta ɓarke a Nijar, Najeriya ta aika da gudummawar allurar rigakafi. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura maganin ba ya narkewa yadda ya kamata. Da aka tuntuɓi kamfanonin da sunansu ke jikin kwalaben, sai ta bayyana jabu ne, babu sinadarin rigakafi a ciki. Kafin a farga an yi wa mutum fiye da 50,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta rayuka 2,500 sun salwanta a dalilin haka. Allah Ya jiƙansu. To ka ji fa, ta hannun hukuma abin ya biyo, kyauta kuma. Idan an iya yaudarar gwamnati, ina ga mai kemis na unguwarku? Yana iya zama mutumin kirki, sahun farko a masallaci, amma shi ma cutarsa aka yi a wurin sari. Amanarsa ba ta zama shaida a kan abin da ke cikin ƙwayar ba.

Mu nan Babban Mutum a bakin iyaka muke. Kaya na zuwa daga Kano, wasu na shigowa ta ɓangaren Magarya da rubutun Faransanci. Ban ce duk mai rubutun Faransanci jabu ne ba, amma in babu lambar rajistar NAFDAC a jikinsa, ba ka da hanyar bin diddiginsa a nan. Ita ma lambar ana buga ta ƙarya, don haka mai babbar waya ya shiga kundin hukumar na intanet da ake kira Greenbook, ya ga ko lambar ta dace da sunan maganin da kamfaninsa.

Hanya mafi sauƙi, wadda ko ƙaramar waya ta isa, ita ce ta kankarewa. Tun 2010 NAFDAC ta fara tsarin, musamman ga magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Za ka ga wani ɗan wuri a jikin kwalin kamar na katin waya. Ka kankare, ka tura lambobin ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta, irin su 38353 ko 38351. Kyauta ne. Amsa za ta dawo, ka karanta da kyau: sunan da ta ambata shi ne na hannunka? In ka tarar an riga an kankare, mayar masa. Kuma a shagon za ka yi, kafin kuɗinka ya shiga aljihunsa, ba sai ka je gida yaro na kakkarwa ba.

Sai ranar lalacewa da lambar rukuni: na jikin kwali da na jikin katin ƙwayar su zama ɗaya. Rubutu mai dishi-dishi, ƙwaya mai marmashewa, araha da ta wuce hankali, duk abin tsayawa ne. Shi kuwa maganin da ake yawo da shi a tire ko a baro cikin ranar bazara, ko na gaske ne zafi na rage masa ƙarfi. Wanda aka ɓare aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata, wallahi ban san me za ka duba a jikinsa ba.

Ɗan uwa mai kemis, in ka sani ka sayar, kuɗin haram ne, kuma abin da ya samu majinyaci yana wuyanka. In ba ka sani ba, daga ranar da aka nuna maka uzuri ya ƙare. Ka sauke kayan daga kanta, kada ka karyar wa na ƙauye don ka ceci uwar kuɗi.

Wanda ya sha magani yadda aka umarce shi, kwana uku jiki bai yi sauƙi ba, kada ya koma ya ƙaro irinsa. Ya tafi asibiti da kwalin da sauran ƙwayoyin a hannu, ma'aikatan lafiya su gani, a kuma sanar da ofishin NAFDAC da ke Katsina.