Darasi: Bishiyar Shawara

'Yan uwana mata, kun san yadda taro yakan kasance in an zo maganar abin da za a yi da kuɗin akwati. Mutum uku ke magana, sauran na kallon tabarma. Ana tashi kuma, a hanyar gida sai ki ji shawarwarin da ba a faɗa ba. Haka na tarar a wata ƙungiya da nake zama da ita a Zabi, gab da kaka. Manya sun ce a sayi masara a ajiye, kowa ta ce "to", alhali rabin zukata ba su kwanta ba.

Tun da aka fara irin wannan asusu da Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, ƙa'idar ita ce kuɗin na kowa ne. To, shawara ma ta kowa ce.

Ga abin da na yi. Na share tsakar gida, na ɗauki gawayi na zana gindin bishiya, na ɗora akwatin a kai. Na ce, "Tambaya ɗaya ce: wace sana'a za mu sa wa kuɗin nan?" Duk wadda ta kawo shawara, sai a ja reshe a aza alama a bakinsa: zangarniyar masara, gyaɗa don mai da ƙuli-ƙuli, igiya don kiwon rago. Ba a buƙatar iya karatu.

Doka ɗaya ce, kuma ita ce mai wuya: ba a kushe reshe sai an gama zane. Wata dattijuwa ta fara cewa kiwo wahala ne, na ce, "Inna, a yi haƙuri, za mu zo nan." Ku lura da amare. Yarinya ba za ta ja da uwar mijinta a bainar jama'a ba, kuma bai kamata mu tilasta ta ba. Sai na raba su biyar-biyar, sa'o'i wuri ɗaya, kowane rukuni ya turo mai magana. Daga rukunin amaren ne maganar wake ta fito.

Daga nan kowane reshe ya yi 'ya'ya: nawa zai ci, wa za ta yi aikin, ina za a sayar, me zai iya ɓata shi. A nan aka gane masara tana son ɗakin ajiya da ba mu da shi, ga ƙwari, kuma ba kowace shekara farashi ke tashi da bazara ba. Rago na son harawa da dusa har Babbar Sallah. Wake kuwa akwai buhu mai ninki uku da ke tsare shi ba magani. Man gyaɗa yana juyawa duk mako a kasuwar Samaru ko Sabon Gari, amma sai an sami mai kai shi.

Da za a zaɓa, na ba kowa tsakuwa uku, na kafa ƙwarya a kan kowane reshe, aka juya baya tana zubawa. Man gyaɗa ya zo na ɗaya, wake na biye.

Kafin a share tsakar gida, sakatariya ta kwafe bishiyar a littafin ƙungiya, har rassan da ba a zaɓa ba. Ran rabo za mu sake buɗe shafin.