Gwanjo Ya Shiga Waya: Nasiha Ga 'Ya'yana Masu Saye Da Sayarwa

Na ga da yawanku kun kama sana'ar gwanjo ta waya. Ɗaliba tana ɗora riguna a WhatsApp tsakanin lacca da lacca, matar aure tana baje kayan yara a Instagram daga tsakar ɗakinta, saurayi yana ɗaga jaket a TikTok da daddare jama'a na tayawa. Wasunku har ɓoye wa dangi suke yi, wai kada a ce suna sayar da kwancen wasu. Ku daina jin nauyin wannan. Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna sun aurar da 'ya'ya, sun gina gidaje, sun kai mutane Makka, duk da kuɗin tufar da wani ya sa ya tuɓe. Abin da nake jiye muku daban ne: waya ta cire wani abu daga cinikin nan, kuma ba kowa ya lura ba.

A kasuwa, da hannu ake sayen gwanjo. Mutum ya durƙusa gaban tsibi, ya zaro riga, ya ɗaga ta ga rana, ya juya cikinta, ya duba wuya da hammata, ya ja zif, ya shinshina. In ya kwaso ruɓaɓɓiya, idonsa ne ya cuce shi. A waya kuwa ba hannu, ba hanci, sai hoto da ɗan abin da kuka rubuta a ƙarƙashinsa. Duk binciken da mai saye zai yi wa kansa ya dawo wuyanku. Ku ne masu kaya, ku ne kuma idon mai saye, kuma wanda ya haɗa waɗannan biyun ya ɗauki amana mai nauyi.

Iyayenku mata sun san irin wannan ciniki tun ba a san intanet ba. Matar kulle in tana son rabuwa da zanenta, dillaliya take kira. Ita za ta ƙunshe kayan, ta shiga gida-gida, ta dawo da tayi, in an sallama ta cire la'adarta ta miƙa sauran. Mai kaya da mai saye ba sa ganin juna, sau da yawa ma ba sa son a san su. Abin da ya riƙe cinikin shi ne dillaliya tana da gida a unguwa, kowa ya san ƙofarta. In ta ninke atamfa ta ɓoye ƙunar dutsen guga, kafin azahar ɗin gobe an aiko yaro da ita, labari kuma ya zaga gidan biki.

Manyan kamfanonin Turai da Amurka da kuke jin sunansu aikin nan nata suke yi. ThredUp, wanda aka kafa a Amurka a 2009, karɓar kayan mutum yake yi a jaka, ya tantance, ya ɗauki hoto, ya sayar, ya ba mai kaya rabonsa. Vinted, wanda ya fara a birnin Vilnius na Lituwaniya a 2008, riƙe kuɗin mai saye yake yi har sai kaya sun isa hannunsa, ya ba shi kwana biyu ya duba. In bai yi ƙorafi ba sannan a sakar wa mai sayarwa. Ku dubi yadda harkar ta kai: a 2021 kamfanin Etsy ya sayi shafin gwanjo na Depop a kan dala biliyan 1.6, alhali Depop ba shi da ko ɗankwali nasa na sayarwa. Yardar da ke tsakanin baƙo da baƙo aka saya.

Mu a nan, yawancin cinikinmu ba mai tsayawa a tsakiya. WhatsApp ba ya riƙe kuɗin kowa, Instagram ba ya shiga rigimarku. Shafin Jiji, da aka buɗe a Legas a 2014, haɗa ku kawai yake yi, har ma gargaɗi yake kada a biya kafin a ga kaya. Amma mai gwanjo a Kano ba zai ɗora kaya a mota zuwa Yola ba sai an turo kuɗi. To wanda ya turo, me ya riƙe? Sunanku kaɗai.

Waɗanda suka zauna gaban malam suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan za su tuna cewa babin ciniki ya taɓo wannan fiye da shekara dubu da ta wuce. An yarda a sayar da abin da ba ya gaban mai saye, in dai an siffanta shi. An yarda a sayi abin da ke cikin dila bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Amma an hana sayen tufar da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, haka kuma cinikinta cikin duhun dare inda ido ba ya tantancewa. Wanda kuma ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Kun ga ke nan cinikin waya yana da gurbi a shari'a, sharaɗinsa siffa ta gaskiya. Rubuta "ba a mayar da kaya" a saman shafi yana kare ku daga wanda ya sake ra'ayi kawai. Ba ya wanke wanda ya san da huji ya yi shiru.

Saboda haka ku ɗauki hoto da hasken rana, ku bar gyaran launi. Rigar da ta koɗe a bar ta ta fito a koɗe. Kada ku je shafin kamfani ku ɗauko hoton sabuwa ku ɗora a madadin wadda ke hannunku. In akwai tabo, ko maɓallin da ya fita, ko ɗinkin da ya saki, ku matso da kyamara ku nuna shi, ku rage kuɗi daidai da shi. Za ku yi mamakin yawan masu saye duk da haka, domin mai neman gwanjo ya san ba daga kanti kaya suka fito ba. Aibin da aka gaya masa yana yafewa, wanda ya gano da kansa ne ba ya mantawa.

Ku mallaki tef ɗin awo irin na tela. Lambar da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce: 12 ta Ingila ita ce wajen 8 ta Amurka, 40 ta Faransa, ga wanki ya sa wasu sun tsuke. Ku auna ƙirji, ƙugu, tsawo da hannu, ku rubuta. Rabin rigimar "bai yi mini ba" a nan take mutuwa. Ku kuma yi hattara da kiran komai "lamba ɗaya". In kowace riga lamba ɗaya ce, ranar da ta ainihi ta zo ba wanda zai yarda. Haka tambarin manyan kamfanoni: jabu sun yi yawa har cikin dila, in ba ku tabbatar ba kada ku rantse a kai. Sannan ku wanke, ku shanya a rana, ku goge kafin ku aika. Warin dila ba ya ɓuya a leda. Kayan ciki kuwa, shawarata ku bar su, ribarsu ba ta kai abin da ke iya biyo bayansu na ciwon fata ba.

Yanzu maganar jari. Kowane sabon shiga burinsa ya fasa dila tasa ta kansa. Ku yi a hankali. Gwanjo yana cikin kayan da dokar Najeriya ta hana shigowa da su, shi ya sa yawancinsa ta Kwatano da Lome yake biyowa, kuma duk kuɗin da aka kashe a hanya a kanku yake ƙarewa. Da kuɗin waje ake sayo shi: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, dila kuma ta bi ta. Ga wani abin da ba a cika faɗa muku ba. Tufa mai kyau da Baturiya a da za ta kai shagon sadaka, daga nan ta shiga dila, yanzu sau da yawa a wayarta take sayar da ita. Abin da ya rage, haɗe da kayan yayi masu araha da ba sa jure wanki, shi ake ɗaurewa a turo mana. A kasuwar Kantamanto ta Akra, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufa kimanin miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Wanda ya ci bashi ya sayi dila ya sa wannan a lissafinsa.

Hanyar da ta fi muku lafiya ita ce ku je kasuwa ranar fasa dila, ku yi zaɓe da hannunku, ku biya ɗan ƙari ku ɗauki abin da kuka san masu sayenku na so. Jari kaɗan, kwantai kaɗan. In kun ƙware kun san dilolin da ke fashewa da kyau, sai ku haɗa kuɗi da wani amintacce ku raba guda. Dilar da aka tallata muku a bidiyo daga garin da ba ku san kowa ba, ku bar ta. Wadda aka fasa a bidiyon ba lallai ita za a ɗora muku a mota ba. Kuma ku riƙe littafi. Kuɗin mota, data, sabulu, guga, leda, da kayan da suka ƙi tafiya, duk a cikin uwar kuɗi suke. Da yawa suna ganin kuɗi na shigowa su ɗauka riba ce, sai ranar komawa kasuwa su tarar sun cinye jarin.

Wajen karɓar kuɗi, kada hoton shaidar biya ya ruɗe ku, kada saƙon alat ya ruɗe ku, dukansu ana ƙirƙirar na bogi. Ku buɗe asusunku ku ga kuɗin sun zauna sannan kaya su fita. In za ku aika ta tasha, ku ɗauki hoton ƙunshin, ku karɓi lambar direba da ta mota ku tura wa mai saye, ku kuma yanke magana tun farko kan wanda zai biya kuɗin saƙo da wanda asara za ta hau in ya ɓata. Maganar da aka yi kafin mota ta tashi ita ke hana zagi bayan ta isa.

Ku kuma masu saye, ina da magana da ku. Araha ba ta ado. Takalmin da kuka san kuɗinsa in aka ce muku kashi ɗaya cikin huɗu, ku tambayi kanku dalili. Ku nemi a yi muku bidiyon kayan ana juya su a hannu. Ku duba ko sunan asusun banki ya yi daidai da na mai shafin, ku duba ko shafin ya sha canza suna, ko an rufe wurin da masu saye ke faɗin ra'ayinsu. Da baƙo ku fara da abu ƙarami. A wurin gwanjon kai-tsaye, inda ake ƙirga daƙiƙa kowa na rige-rigen tayawa, ku yanke abin da za ku kashe kafin ku shiga, domin zafin gasa yana sa mutum ya sayi abin da ba zai taɓa sawa ba. Sannan ku ji tsoron Allah a kan mai sayarwa. Ku ce "ajiye mini" ta kori wasu masu saye, ku kuma ku kashe waya, wannan ma cuta ce. In kuna so da gaske, ku ba da kafin alƙalami.

'Ya'yana mata, ku matso. Ba dole sai kin sa riga a jikinki kin yi juyi gaban kyamara za ta sayu ba. Hanga tana yi, mutum-mutumin shago yana yi. Hoton da ya fita daga wayarki ya fita daga ikonki, kuma ba duk mai tambayar farashi ne kaya suka kawo shi ba. Kada ki ba baƙo kwatancen gida. Ku haɗu a shagon wani naki ko inda jama'a suke, ko ɗan saƙo ya kai. Iyayenki ko maigidanki su san da sana'ar, don ranar da rigima ta taso ki sami mai tsaya miki. In kuma kayan wata kike sayar mata, na lefe ne ko na gado, ki tabbatar nata ne, ki rufa mata asiri, ki faɗa mata ainihin kuɗin da aka saya.

Abu na ƙarshe ya fi damuna. A gidajenmu, tufa in ta yi wa mai ita kaɗan hanyarta sananniya ce: ta sauka kan ƙane, ta wuce ga ɗan maƙwabta, ta kai ga mai aikin gida ko almajirin da ke ɗebo ruwa. Da kwancen yayye da yawanmu muka yi sallah, ba wanda ya ji kunya. Yanzu da kowace tsohuwar riga ta sami farashi a waya, ina tsoron hannu ya ƙanƙame. Ban hana ku sayar da naku ba, zamani ya yi tsada, kuma halalinku ne. Amma duk ranar da kuka zazzage akwati, ku ware na bayarwa tun kafin ku ɗauko waya, kuma kada ya zama wanda ya ƙi sayuwa kaɗai. Masu dila ma haka: idan sanyin hunturu ya shigo, rigunan sanyin da suka kwanta muku akwai yaran da ke kwana a zaure suna bukatarsu.

Allah ya sa albarka a cinikinku, ya haɗa ku da abokan hulɗa na gari, ya kuma tsare ku daga cin haƙƙin wanda ya yarda da ku bai gan ku ba.